Nea Pamfil a Layin Kwalabe

Nea Pamfil, wato Baba Pamfil a yarenmu, shi kaɗai ne namijin da na sani a garinmu wanda ba ya shan giya, kuma ba likita ne ya hana shi ba. Hantarsa lafiya lau, bai shiga wata ɗariƙa ba, matarsa Tanti Zamfira ma ba ta taɓa kafa masa doka ba. Kawai ba ya sha. A garin da kowane gida yake da itatuwan prune a baya da tukunya a rumfa ta dafa tsuika, barasar da ake yi da 'ya'yan itatuwan, wannan ba ƙaramin abin zargi ba ne. Idan ya shiga wurin biki sai ka ji maza sun rage murya kamar ɗan sanda ne ya leƙo.

Sau ɗaya ya taɓa sha, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, satin da ya dawo daga aikin soja. Bikin ɗan kawunsa ake yi, aka tsiyaya masa kofi uku na tsuika mai zafi, ya shanye don kada a ce shi yaro ne. Abin da ya sani daga nan shi ne ya farka da hantsi a cikin keken doki mai ɗauke da ciyawa, a wani ƙauye da bai taɓa jin sunansa ba, ƙafa ɗaya da takalminsa, ɗayar da takalmin wata mata. Ba shi da ko sisi, sai ya bi layin dogo da ƙafa, kilomita talatin da huɗu. Da ya iso mahaɗar bakin gari, inda titi ya ƙetare layin jirgi, tsohon da ke gadin wurin ya ba shi ruwa, ya kalli takalman, ya ce masa ana neman wanda zai gaje shi, amma sharaɗin aikin shi ne ba a sha. Pamfil ya ce ko kyauta aka ba shi aikin zai yi.

Shekara talatin da takwas ya yi a ɗan ɗakin gadin mahaɗar. Jirgi zai zo, ya murɗa ƙarfe sanda ta sauka ta tare titi. Jirgi ya wuce, ya murɗa ta tashi. Mashayun garinmu duka uku suna ƙetaren layi, gidaje kuwa suna wannan ɓangaren, saboda haka babu mashayin da ya taɓa komawa gida bai bi ta gaban tagarsa ba.

Yana da shekara hamsin da tara aka zo aka kafa na'ura mai jar fitila da ƙararrawa, aka ba shi takardar godiya da hannu, aka kulle ɗakin. Saura shekara shida ya kai fansho.

Wata uku ya yi a gida, Tanti Zamfira ta kusa haukacewa. Katangarmu ɗaya da su, ina jin komai. Mutumin da ya saba rayuwa da agogo ya rasa jirgin da zai auna, sai ya koma auna matarsa.

"Zamfira, tuwon masarar nan ya yi lattin minti huɗu."

"Ya yi latti? To ka sauke masa sanda mana!"

"Jiya ƙarfe ɗaya daidai kika sauke."

"Pamfil, ka fita. Ka je mashaya kamar mazan mutane. Ba sai ka sha ba, ka zauna kawai ka dame su."

Ita ce ta fara ganin sanarwar da aka manna a ƙofar gidan waya. Wani kamfani yana buɗe babban kanti a filin tsohuwar tashar mota, ana neman ma'aikata: masu karɓar kuɗi huɗu, masu jera kaya uku, mahauci, mai sayar da cuku da tsiran alade, mai tattara kekunan sayayya a waje, da mutum ɗaya na sashen giya. Ni, Mioara, a lokacin ban daɗe da dawowa daga Italiya ba, inda na yi shekara bakwai ina jinyar wata tsohuwa har ta rasu, sai na ce bari in gwada na cukun. Tanti Zamfira kuwa ta cike wa mijinta takarda da hannunta, ta zaɓa masa kekuna. Ta ce abu ne mai taya, a jere, a waje, kuma nesa da kicin ɗinta.

Ranar ganawa a ɗakin taro na gari aka yi. Mu masu neman sauran ayyukan duka ba mu kai ashirin ba. Masu neman sashen giya kuwa na ƙirga su da kaina, mutum arba'in da ɗaya. Maza da ban taɓa gani a tsaye da ƙarfe takwas na safe ba, ga su nan cikin kwat ɗin aurensu, wasu maɓallin ya ƙi haɗuwa, kowa yana taunar cingam mai na'ana'a har idona yana yaji. A gaban layi Nea Ilarie ne, yayan Tanti Zamfira, wanda kowa ya yarda babu mai dafa tsuika kamarsa daga nan har bakin kogi. Ƙato ne mai jan wuya da gashin baki, kuma bai taɓa yafe wa ƙanwarsa auren mai shan ruwa ba.

Ya hango Nea Pamfil ya ɗaga murya. "A'a, suruki! Kai ma giyar ka zo nema? Ka duba takalmanka dai kafin ka shiga!"

Layi ya kwashe da dariya. Nea Pamfil ya duba agogonsa.

Manajar da kamfani ya turo wata siririya ce daga birnin Piteshti, Doamna Ramona, wato Madam Ramona, ba ta wuce shekara talatin ba, da tabarau da waya biyu. Ƙofar ofishin da take ganawar ba ta rufuwa sosai, don haka duk abin da aka faɗa a ciki mun ji. Da ta tambayi Nea Ilarie takardar shaidar ƙwarewa, sai ya zaro kwalba daga aljihun kwat ya dire mata a kan tebur, ya ce ta kurɓa. Ta ce ƙarfe tara na safe ne. Ya ce shi ya sa ya kawo mara ƙarfin. Daga nan ya yi mata huɗuba ta kwata na awa cewa duk abin da kamfanoni ke zubawa a kwalba guba ne da ruwan wanke mota.

"To me ya sa kake son sayar da shi?" in ji ta.

"Don in gargaɗi jama'a, 'yata."

Haka suka yi ta shiga suna fita. Wajen mutum na ashirin ta tashi ta buɗe tagogi duka biyu, alhali a watan Nuwamba muke. Sai bayan azahar aka zo kan Nea Pamfil. Ya shiga ya tsaya ƙyam, hula a hannu.

"Nea Pamfil, na ga shekara talatin da takwas a wuri ɗaya. Ka taɓa makara?"

"Da na taɓa makara, Doamna, da kin ji a rediyo."

Sai ta ce, "Matso kusa." Daga baya ta faɗa mini shaƙar numfashinsa take son yi. Ba giya, ba cingam, sai tafarnuwa.

"Kana sha?"

"A'a."

"Ko a biki?"

"Musamman a biki."

"Me ka sani game da giya?"

"Na san inda take kai mutum. Kilomita talatin da huɗu."

Bai yi dariya ba, don shi ba wasa yake yi ba. Ta ce masa ya manta da kekuna, ranar Litinin ya zo a nuna masa sashen giya. Ya ce shi kekuna matarsa ta rubuta. Ta ce kwalaben da ke wancan layin sun fi motarta tsada, kuma tana son ta same su yadda ta bar su.

Ranar gari ya ɗauka. A mashaya aka ce wannan cin mutunci ne ga duk mai ƙishirwa. Nea Ilarie ya rantse ba zai taka kantin ba har ya mutu, ya kuma je har gida ya faɗa wa ƙanwarsa cewa mijinta ya ƙwace masa abinci a baki.

Teburin cukuna yana kallon layin kwalabe kai tsaye, don haka shekara shida ina da kujerar gaba. Satin farko ya haddace komai kamar jadawalin jiragen ƙasa: sunan kowace kwalba, garin da aka yi ta, ƙarfinta, kuɗinta. Ya jera su fuska a waje, ba wadda ta fi wata fitowa ko da faɗin yatsa. Abin da ba zai iya haddacewa ba shi ne ɗanɗano, kuma mutane sun san haka, sai suka riƙa zuwa don su kunyata shi.

Na farkon da na gani wani direban tarakta ne. Ya ɗauko kwalba biyu na jan ruwan inabi ya ce, "Nea Pamfil, kai da kake gwani, wanne ya fi daɗi?"

"Ban sani ba. Me kake so ya same ka?"

"Kamar yaya?"

"Wannan na hagun, masu shan sa waƙa suke yi. Sukan tsaya a tsakiyar layin dogo su buɗe hannu, sai na fito na ja su. Na daman kuwa kuka yake sawa. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi yake sha. Duk Asabar sai ya rungume sandata yana ba ta haƙuri."

Direban ya tsaya baki buɗe. Ya mayar da na daman, ya tafi da na waƙar.

Ashe duk shekarun nan da yake zaune a taga ba jirgi kaɗai yake kallo ba. Ya san abin da kowa ke sha da abin da yake yi masa. Ya san wadda ke sa faɗa, da wadda ke sa mutum ya yi alkawarin sayar da saniyarsa, da wadda ke sa barci tun kafin a kawo miya. Kafin Kirsimeti labari ya bazu, mata suka fara zuwa wurinsa da takarda kamar masu ganin likita. Wata gwauruwa da za ta yi sadakar arba'in ta mijinta ta ce tana son wadda za a yi kuka kaɗan a watse da wuri, ya ba ta. Mai aurar da 'ya kuwa sai ya fara tambayar sa jerin waɗanda aka gayyata.

"'Yan gidan Barbu za su zo?"

"Dangin ango ne, dole."

"To ajiye wannan. Da ita suka fasa tagar makaranta a bikin da ya wuce. Ɗauki farar can, tana kashe musu ƙafa kafin ta kai hannu."

Limamin cocinmu ma bai tsira ba. Yakan zo sayen ruwan inabin ibada, ya tura wata 'yar kwalbar barasa ƙarƙashin kabeji. Nea Pamfil ba shi da ƙaramar murya, shekara da shekaru yana magana a kan ƙarar jirgi. Sai ka ji daga can yana kiran limamin, "Parinte, ta ƙarƙashin kabejin an rage mata kuɗi idan ka ɗauki biyu!" Limamin ya ce ta ciwon gwiwa ce. Nea Pamfil ya ce ai gwiwa biyu gare shi.

Matsalar ɗaya ce: idan mutum ya shigo yana tangaɗi, Nea Pamfil yakan tsaya a bakin layin ya miƙe hannunsa na dama ya tare hanya, ba ya saukewa. Doamna Ramona ta kira shi ofis har sau uku.

"Nea Pamfil, sayarwa aka ɗauke ka, ba tarewa ba."

"Gobe zai dawo ya saya, Doamna. Wanda mota ta take ba ya dawowa."

Ta gaji ta ƙyale shi, don kayan layinsa sun fi na kowa tafiya.

Akwai wanda hannun bai yi wa amfani ba. Traian magini ne, shi ya yi rabin katangun garin, tun da matarsa ta tafi aiki Jamus ba ta dawo ba ya zama ba ya cin abinci sai sha. Nea Pamfil ya san idan ya hana shi wani wuri zai je, sai ya ɓullo da dabara: yakan kamo hannun rigarsa ya kawo shi teburina, ya ce sai ya sayi burodi da cuku ya ci rabi a gabansa kafin ya ba shi kwalba. Traian yana zagi yana taunawa. Haka suka yi shekara biyu. A hunturu na biyu aka tsince shi da safe a cikin dusar ƙanƙara a ƙofar gidansa. Nea Pamfil yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Da ya dawo aiki, kwana uku duk wanda ya tambaye shi shawara sai ya nuna masa kanta da hannu kawai.

Nea Ilarie ya riƙe rantsuwarsa kusan shekara uku. Yakan tsaya a wajen ƙofa ya aiki matarsa ciki, yana gaya wa masu fitowa cewa abin da suka saya zai makantar da su. Abin da ya karya rantsuwar shi ne ranar ɗanɗano. Wani ƙaramin kamfani na garin da ke gaba da mu ya fara kawo mana tsuika a kwalba mai hoton rago sanye da hular gashi, aka ce ranar Asabar, mako guda kafin bikin Ista, za a kafa tebur a ba kowa ɗan kofi kyauta. Kalmar kyauta ta zaga gari cikin awa ɗaya.

Ƙarfe goma kantin ya cika har wajen kayan wanki. Nea Pamfil yana bayan tebur da farar riga, yana tsiyayawa daidai zanen kofi kamar mai raba magani. Sai ga Nea Ilarie ya keto taron, abokan mashayarsa shida a bayansa. Aka dare masa hanya, don kowa ya san abin kallo ya zo.

"Suruki, an ce kana raba tsuika. Kai da ba ka san bambancinta da ruwan zafi ba."

"Ina rabawa, Nea Ilarie. Kofi ɗaya ga mutum ɗaya."

"Zuba in ji abin da kuke kashe mutane da shi."

Ya ɗaga kofin ya duba a hasken fitila, ya shaƙa, ya yamutsa fuska, ya kurɓa, ya jujjuya ta a baki kamar mai kurkure haƙori. Sai ya juya ya tofar a cikin bokitin goge ƙasa.

"Tir! Wannan ko ƙafata ba zan wanke da shi ba. Wanda ya dafa wannan bai taɓa ganin itacen prune ba. Ruɓaɓɓen dankali ne da sukari. A kama shi a ɗaure, shi da tukunyarsa!"

Abokansa suka yi tafi. Doamna Ramona ta fito daga ofis fuskarta ta yi fari, wakilin kamfanin da ke tsaye gefe ya fara gumi. Nea Pamfil ya goge bakin kwalbar da tsumma, ya juya ta hoton ragon ya kalli jama'a. Na san shi, ba da niyyar mugunta ya yi ba. Shi dai idan abu bai yi daidai da abin da ya gani ba, sai ya gyara.

"Abin mamaki," in ji shi, da muryar nan tasa ta kan jirgi. "Shekara goma sha ɗaya na ƙarshe da na yi a mahaɗa, duk Talatar farko ta watan Disamba, ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba, wata farar mota mai hoton ragon nan takan ƙetare layi. Tana tafiya da sauƙi, ta shiga lungunka. Ƙarfe shida da rabi ta dawo, bayanta har yana taɓa ƙarfen dogo. Ganga takwas nake ƙirgawa. Shekarar da aka yi fari, shida."

Kowa a garin ya san abin da Nea Ilarie ke faɗa tun muna yara: tsuikarsa ba ta sayarwa ba ce ga 'yan kasuwa, sai wanda ya ga ya cancanta, kuma a kan kuɗin da ya ninka na kanti. Wakilin kamfanin, wani saurayi da bai san kowa ba, ya buɗe jakarsa ya duba takarda, fuskarsa ta washe.

"Kai ne Domnu Ilarie? Ai kai ne babban mai kawo mana! Wannan zubin ma naka ne zalla, ba mu haɗa da na kowa ba. Maigidanmu kullum yana maganarka!"

Ya miƙa masa hannu. Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mahaucinmu ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Wata tsohuwa ta ce ita shekara goma tana biyan sa ninki biyu a rumfarsa, ashe ga shi nan da rago a jiki. Wuyan Nea Ilarie ya tashi daga ja ya koma shunayya kamar kabejin hunturu. Sai ya tura kofinsa gaba.

"Ƙara in ji. Na farko bakina da ɗanɗanon albasa."

"Kofi ɗaya ga mutum ɗaya," in ji Nea Pamfil.

Sai da Doamna Ramona ta sa baki ya ƙara masa. Nea Ilarie ya kurɓa a hankali, ya lumshe ido, ya ce to, a kurɓa ta biyu mutum yana jin hannun gwani, kwalbar ce ke ɓata ta. Kafin la'asar ba a bar ko ɗaya a kanta ba.

A gida kuwa wuta ta tashi. Tanti Zamfira ta ce ya tozarta ɗan uwanta a gaban duniya, sati guda ba ta yi masa magana ba, ta bango take ba ni saƙo in faɗa masa abincinsa yana kan murhu. Shi kuma ya kasa gane laifinsa.

"Mioara, ƙarya na yi? Ganga takwas ne."

"Ba ƙarya ka yi ba, Nea Pamfil. Amma shekara goma sha ɗaya ka yi shiru, me ya sa sai ranar?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Kuma ranar kayana ya zaga."

Ranar Ista bisa al'ada a gidan Nea Ilarie suke cin rago. Tanti Zamfira ta ja mijinta suka je, ta gayyace ni don a samu bare a tebur, ko za a ji kunyar faɗa. Aka zauna ba mai kallon wani. Aka fasa ƙwan Ista da aka rina ja, aka ci naɗin kabeji, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Can Nea Ilarie ya share gashin baki ya ce, yana kallon faranti, "Wannan yaron na kamfani ya ce suna neman wanda zai riƙa tsayawa a tebur duk Asabar yana yi wa mutane bayani. Wai sai manajarku ta yarda."

"Ƙarfe tara ake farawa," in ji Nea Pamfil. "Ba tara da minti biyar ba."

"Na ji."

"Kuma mai tsayawa a tebur ba ya sha."

Nea Ilarie ya ajiye cokali. "Ko don in tabbatar ba ta lalace ba?"

"Kofi ɗaya. Ni zan zuba."

Haka Nea Ilarie ya samu aiki a kantin da ya rantse ba zai taka ba, a ƙarƙashin surukinsa. Aka ɗinka masa riga mai hoton rago, ba ta rufe cikinsa. Ya zama duk Asabar muryarsa ce ke cika kantin, yana gaya wa baƙi masu wucewa zuwa duwatsu cewa kakansa ne ya dasa itatuwan, kuma shi ya zaɓi ragon da kansa. Suna faɗa kusan kowane mako, yawanci a kan zanen kofi. Sau biyu Nea Ilarie ya cire rigar ya jefar ya ce ya bar aikin, sau biyu matarsa ta wanke ta ta goge ta dawo da shi.

Nea Pamfil ya cika shekara sittin da biyar ranar wata Laraba. Ya ƙarasa aikinsa har ƙarfe biyu, ya ninke rigarsa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya gaisa. Doamna Ramona, wadda a lokacin an ƙara mata girma tana duba kantuna biyar, ta tuƙo mota tun daga Piteshti don ta yi masa sallama, ta rungume shi, shi kuwa ya tsaya kamar itace hannuwa a gefe. Aka ba wata yarinya da ta gama makarantar kasuwanci gurbinsa. Tana da ƙoƙari, tana da takardar shaidar ɗanɗano ma, sai dai har yanzu mata kan tsaya a teburina su tambaye ni ko na san inda za su same shi, biki ya matso.

A bazarar da ta biyo, 'yarsu da ke aure a Sifen ta aiko musu da tikitin jirgin sama, suka je suka yi wata guda a wani gari na bakin teku. Ranar da suka dawo na leƙa ta katanga in yi musu barka da hanya. Tanti Zamfira ta yi baƙi da rana, tana ta ba ni labarin jikoki. Nea Pamfil ya jira ta shiga ciki, ya matso kusa, fuskarsa ba walwala.

"Mioara, na shiga wani kanti a can. Layin giyarsu ya yi uku na namu. Kin san abin da suka yi? Sun sa ruwan inabi kusa da injin gasa kaji. Kusa da zafi! Kwalabe rabi sun juya baya. Na nemi manajan, bai jin yarenmu, sai da na kira jikata ta fassara."

"Me ya ce?"

"Ya ce in fita. Washegari na koma, na tarar sun matsar da kajin."

"Teku fa, Nea Pamfil? Ka ga teku?"

Ya ɗan yi tunani.

"Tana nan," in ji shi. "Bayan kantin take."